Taskar Gida A Hannun Ɗan Nesa



Abin da muka tashi yin magana a kansa yau tambaya ce da ta shafi kowane ɗan Birnin Zariya da karatu ko aiki ya fitar da shi daga gida. Tambayar ita ce: ta yaya mutum zai kai hannu ga taskar gidansu, wato littattafai da kaset-kaset da hotuna da sauran abin da iyaye suka tara, alhali yana nesa, ba tare da ya kashe abin da ya fi ƙarfinsa ba, kuma ba tare da taskar ta bar gidan ba? Mun ɗauki unguwar Kwarbai ta zama abin misali, domin tana cikin tsofaffin unguwannin da ke daf da Fada, amma duk abin da za mu faɗa a kanta ya hau kan Kona da Juma da Kaura da Iya, ya kuma hau kan kowane tsohon gida a Kano ko Katsina ko Sakkwato.

Me ke cikin taskar?

Duk wanda ya tashi a cikin ganuwa ya san da wuya a sami tsohon gida da ba shi da adaka ko akwatin ƙarfe ko gafaka a ɗakin maigida. Zariya ta daɗe da suna wajen karatun nahawu da lugga, har almajirai kan taso daga garuruwa masu nisa su zo su zauna a zaurukan malamanta. Malaman nan sun bar rubuce-rubucen hannu na Larabci da na ajami, da wasiƙu, da waƙoƙin wa'azi. Garin da ya fitar da Sarki Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya haɗa sarauta da waƙa, da Malam Aliyu Namangi mai Imfiraji, ba ya rasa takardu a adaka. Da boko ya zo ya ƙara nasa. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta, a nan kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Saboda haka a gidajen tsofaffin ma'aikata akwai tsofaffin jaridu da bugun farko na littattafan da yau ba a samunsu a kasuwa.

Sai kuma murya. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kafin shekarun 1980 kuwa rikoda ta shiga kusan kowane zaure. Iyayenmu sun naɗi tafsirin azumi da karatun malamansu, sun naɗi shirye-shiryen Rediyon Kaduna, sun naɗi Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata da Ɗan Maraya. Wasu ma kaset suka mayar wasiƙa, suna aika wa dangi da ke Makka ko Sudan da muryarsu. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, kuma da yawa daga wasannin da irin waɗannan mawaƙa suka yi a gidajen biki ba su taɓa shiga faifan kamfani ba, sai dai kaset ɗin wanda ya halarta. Daga baya bidiyo ya zo, aka ɗauki hawan salla da naɗin sarauta da walimar saukar Alƙur'ani da bukukuwan aure.

To, jama'a, wannan dukiya tana da maƙiya. Gara tana cin takarda, damina tana jiƙa adaka idan soro ya yi yoyo, zafi da ƙura suna lalata zaren kaset har murya ta dusashe. Na'urorin da ke karanta kaset da bidiyo su ma suna ƙarewa, masu gyaransu suna tsufa. Akwai mai aro da ba ya mayarwa. Babban maƙiyi kuwa, wanda ba a cika son ambatonsa ba, shi ne rabon gado. Idan malami ya rasu aka raba littattafansa tsakanin magada kamar yadda shari'a ta tsara, sai taskar da aka yi shekaru sittin ana tarawa ta watse a yini guda, wani sashe ya tafi Kaduna, wani Legas, wani kuma ya faɗa hannun magajin da bai san darajarsa ba. Ga shi kuma waɗanda suka fi bukatar taskar, wato mu, muna Samaru ko Kongo, ko muna bautar ƙasa a kudu, ko aiki a Abuja, wasunmu ma suna Misira ko Malesiya ko Ingila.

Gidan haya da gidan kanka

Wani zai ce ai magana ta ƙare, a ɗora kome a Facebook ko YouTube, ko a biya wani kamfani ya ajiye. Wannan hanya tana da sauƙi, ba mu musa ba, amma wanda ya bi ta ya shiga gidan haya ne, kuma ɗan haya ba shi da ta cewa ranar da mai gida ya ƙara kuɗi ko ya ce a tashi. Ga misalai uku. A 2019 kamfanin MySpace ya sanar cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora a wurinsa tsakanin 2003 da 2015 sun salwanta lokacin sauya ma'ajiya, kimanin waƙoƙi miliyan 50, kuma ba a dawo da su ba. A nan gida, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnati ta rufe Twitter, duk wanda ya dogara da shi ya ga ƙofa a kulle.

Misali na uku ya fi kusa da batunmu. Akwai wata manhaja mai suna Plex da mutane da yawa a duniya suke amfani da ita wajen tsara finafinai da waƙoƙin da ke kwamfutarsu ta gida, su kuma kalla daga nesa. Shekara da shekaru kallon nesan nan kyauta ne. A ƙarshen Afrilun 2025 kamfanin ya mayar da kallon bidiyo daga nesa abin biya, ya fito da tikitin dala 1.99 a wata domin haka, ya ɗaga kuɗin cikakken rajista na wata daga dala 4.99 zuwa 6.99, na dindindin kuma daga dala 119.99 zuwa 249.99. A lokacin dala ta haura naira 1,500, wato rajistar dindindin ta wuce naira 370,000. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ke nan sai ƙaramin ma'aikaci ya tara albashin wata biyar bai ci bai sha ba, kuma duk da haka bai kai ba, domin kawai ya kalli abin da yake nasa, wanda ke ajiye a gidan ubansa. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a Yunin 2023, duk wani abin da ake biya da dala ya zama nauyi a wuyan ɗalibi.

Abin da muke kira gare shi, saboda haka, shi ne taskar ta zauna a gida, a kwamfutar gida, a hannun masu ita, a buɗe mata ƙofa ɗaya mai makulli wadda 'ya'yan gidan za su riƙa shiga daga duk inda suke. Aikin yana da matakai uku: juyawa, da ajiyewa, da buɗe hanya.

Mataki na farko: juyawa

Juyawa ita ce mayar da takarda da kaset su zama abin da kwamfuta ke karantawa. Takarda ba ta bukatar fiye da waya mai kyamara mai kyau, da hasken rana a inuwar zaure, da haƙuri. A shimfiɗa shafi a kan baƙin ƙyalle, a ɗauka daga sama, shafi bayan shafi, ba tare da an hargitsa jerin ba, domin littattafanmu na hannu ba a ɗinke suke ba, kuma idan ganye ya bar wurinsa sai malami ne zai iya mayar da shi. Kaset kuwa sai an nemo rikoda mai lafiya, a haɗa ta da kwamfuta da igiya, a naɗa da manhaja ta kyauta irin su Audacity. Kaset na minti 90 sai ya ci minti 90, babu gajeriyar hanya.

Ya kamata a yi kwafi iri biyu. Na farko cikakke, wanda ba a rage masa kome ba, shi ne na ajiya, kuma kaset na minti 90 zai ci kusan gigabayit ɗaya. Faifan ajiya mai terabayit ɗaya ke nan zai ɗauki kaset kimanin 1,000, abin da gidaje kaɗan ne suka mallaka. Na biyu ƙarami, wanda aka matse, shi ne na sauraro daga nesa. Abin da ya fi kome muhimmanci a wannan mataki shi ne suna. A rubuta wa ke magana, a ina, a wace shekara, wa ya naɗa. Wannan sani yana kan tsofaffinmu, musamman iyayenmu mata da suka san kowace fuska a hoto, kuma ranar da suka kau, hoton ya zama na baƙi. Don haka a fara da tambayarsu tun kafin a sayi ko da igiya.

Mataki na biyu: ajiyewa

Ba a bukatar sabuwar kwamfuta. Tsohuwar laftof ta gwanjo, ko da allonta ya fashe, ta isa, har ma ta fi dacewa da halinmu domin tana da batirinta. Akwai kuma 'yar ƙaramar kwamfuta mai suna Raspberry Pi, wadda ta fito a 2012, girmanta bai wuce tafin hannu ba, wutar da take ci kuma ba ta kai ta ƙwan fitila ba. A haɗa mata faifan ajiya, a sa mata manhajar da za ta jera kayan kamar kantar laburare. Jellyfin tana yin irin aikin Plex, kyauta ce, masu sa kai suka fara ta a ƙarshen 2018, kuma rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake ga kowa, saboda haka babu kamfanin da zai wayi gari ya sa mata kuɗi. Idan taskar ta murya ce zalla, akwai Navidrome, wadda ta fi sauƙin nauyi. Abin lura shi ne ƙaramar kwamfuta ba ta da ƙarfin matse bidiyo a daidai lokacin da ake kallo, shi ya sa muka ce a tanadi ƙananan kwafi tun da wuri.

Mataki na uku: buɗe hanya

A nan ne yawancin masu ƙoƙari suke tuntuɓe, kuma dalilin ya cancanci bayani. Kowace na'ura da ke intanet tana bukatar adireshi, kamar yadda wasiƙa ke bukatar lambar akwatin gidan waya. Tsohon tsarin adireshin yana da guraben da ba su kai biliyan 4 da miliyan 300 ba, kuma babban rumbunsu ya ƙare tun Fabrairun 2011, alhali mutanen duniya sun wuce biliyan 8. Dabarar da kamfanonin waya suka yi ita ce su haɗa masu layi da yawa a ƙarƙashin adireshi guda. Ku ɗauka babban gidan haya ne mai ɗakuna ɗari da ƙofa ɗaya da maigadi. Na ciki yana iya aika yaro waje ya dawo masa da saƙo, amma baƙon da ya zo ƙofa yana neman wani, maigadi bai san ɗakin da zai kai shi ba, sai ya sallame shi. Tun da yawancin gidajen birni da layin waya suke shiga intanet, kwamfutar da ke Kwarbai tana iya fita, amma ɗan gidan da ke Legas ba ya iya shigo mata kai tsaye.

Maganin shi ne a haƙa wata ɓoyayyiyar hanya tsakanin wayar ɗan nesa da kwamfutar gida. Akwai tsari mai suna WireGuard da ke yin haka, yana rufe duk abin da ke wucewa ta yadda na tsakiya ba ya iya karantawa, kuma ingancinsa ya sa aka shigar da shi cikin zuciyar Linux a 2020. A kansa wani kamfani na Kanada ya gina Tailscale. Yadda take aiki shi ne na'urorin biyu kowace ta fita da kanta ta sanar da inda take, sai a gabatar da su ga juna, daga nan su ci gaba da magana tsakaninsu. Tun da duka biyun fita suka yi, maigadi ba shi da dalilin hanawa. Idan hanyar kai tsaye ta ƙi, sai saƙon ya bi ta wani zango na kamfanin, a rufe dai. Kamfanin ya ware tsari na kyauta ga mai amfanin kansa da iyalinsa. Amma kada mu manta da darasin Plex, domin abin da kamfani ya bayar kyauta yana iya karɓewa. Ya kamata a cikinmu a sami waɗanda suka iya kafa WireGuard da hannunsu, ko Headscale, wadda ke yin aikin gabatarwar nan ba tare da kamfanin ba. Wannan yana bukatar hayar 'yar ƙaramar kwamfuta mai adireshin kanta a intanet, kuma guda ɗaya tana iya ɗaukar gidaje da dama idan aka yi karo-karo.

Akwai kuma hanyar da ta fi duka arha, wadda kakanninmu fatake suka sani, wato guzuri. Idan ɗalibi ya zo hutu, ya kwashi abin da zai bukata a zangon karatu ya zuba a wayarsa ta hanyar na'urar raba intanet ta cikin gida, wannan ba ya cin data ko kaɗan. Hanyar nesa sai ta zama ta abin da aka manta ko bukatar gaggawa.

Lissafin wuta da data

Mu zo ga kuɗi, domin shi ne ƙashin bayan magana. Mu ɗauka kwamfutar da faifanta da na'urar intanet gaba ɗaya suna cin wat 15. A yini sun ci wat-awa 360, a wata kuma yunit 10.8. Ko da a farashi mafi tsada da aka sanya wa rukunin farko na masu amfani da lantarki a Afrilun 2024, wato naira 225 kowane yunit, kuɗin wata bai wuce naira 2,430 ba. Matsalar dai samuwar wutar ce. Ba mu manta da Oktoban 2024 ba, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Amma kaya mai cin wat 15 bai fi ƙarfin sola ba. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗaukar wat-awa 1,200, idan aka sha rabinsa kawai domin ya daɗe, zai riƙe kayan awa 40. Faranti guda na sola mai wat 100 yana iya mayar da abin da aka sha a yini, a irin ranar da Allah ya hore mana. Gidaje da yawa a birni sun riga sun sa sola domin fitila da fanka, abin da ya rage a jona kawai. Kuma ba dole ne kwamfutar ta kwana a kunne ba, iyali suna iya yin ƙa'ida cewa daga la'asar zuwa goman dare taska a buɗe take.

Data ita ce ta fi cizo, musamman bayan da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Kuma a sani sau biyu ake biya, gida ya biya na aikawa, ɗan nesa ya biya na karɓa. A nan ne bambancin murya da hoto yake fitowa. Muryar da aka matse daidai sauraro tana cin kimanin megabayit 29 a awa, wato gigabayit ɗaya zai ba ka fiye da awa 30. Bidiyo mai matsakaicin kyau kuwa yana cin kimanin megabayit 900 a awa, gigabayit ɗaya ya ƙare kafin fim ya ƙare. Tafsirin azumi cikakke, kwana 30, kullum awa ɗaya da rabi, bai wuce gigabayit ɗaya da sulusi ba. Littafin hannu mai shafi ɗari, idan aka rage girman hotunansa, bai kai haka ba ma. Abin farin ciki ke nan, mafi darajar abin da ke taskokinmu, wato karatu da waƙa da rubutu, shi ne mafi arhar ɗauka. Bidiyon biki sai a bar shi ya zama guzuri.

Zaure da tsakar gida

Malamanmu da iyayenmu za su yi wata tambaya, kuma suna da gaskiya: idan aka buɗe wannan ƙofa, wa zai shigo? Maginan birninmu sun riga sun ba mu amsa. Gidan Bahaushe yana da zaure inda baƙo ke tsayawa, da shigifa, da tsakar gida inda sai muharrami, da ɗakin maigida inda ko ɗan gida sai da izini. Haka ya kamata a gina taskar. Manhajojin da muka ambata suna ba kowane mutum sunansa da kalmar sirrinsa, a kuma iyakance masa abin da zai gani. Tafsiri da waƙoƙin wa'azi su zauna a zaure, dangi da almajiran gidan su amfana. Hotunan iyayenmu mata da bidiyon biki su zauna a tsakar gida, kuma kada a sa hoton kowa sai da yardarsa. Takardun filaye da wasiƙun sirri, da rubuce-rubucen da malami ya ce ba na kowa ba ne, su zauna a ɗaki, wato a faifan da ba a jona shi da intanet ba sam. Kada a bai wa aboki kalmar sirri don kunya, domin abin da ya fita ya shiga wayoyin jama'a ba ya dawowa.

Haka kuma akwai haƙƙin mai abu. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana nan, kafin ita kuma akwai tsoron Allah. Mai fim da mawaƙi da marubuci da guminsu suke ci, kuma kowa ya ga yadda satar fasaha ta durƙusar da kasuwar finafinan Hausa. Taskar gida ta adana abin gida ce, kada ta zama shagon tura finafinan mutane. Sannan hoton littafi ba ya maye gurbin malami. Wanda ya sami shafukan nahawu a wayarsa ya sami takarda, karatun kuwa har yanzu sai ya durƙusa a gaban mai shi.

Kwafi ɗaya ba ajiya ba ne

Faifan ajiya yana mutuwa ba sallama, ɓarawo yana ɗauka, tsawa tana ƙonawa. Masana ajiya suna da ƙa'ida: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. A wurinmu wannan mai sauƙi ne, ɗaya a Kwarbai, ɗaya a wurin yaya a Kaduna, ɗaya a wurin ƙane a Abuja, kuma akwai manhaja ta kyauta mai suna Syncthing da ke daidaita su idan an ƙara sabon abu. Asalin takardun da kaset ɗin kuma a ci gaba da adana su, kada a zubar don an juya.

Tarihi na kusa ya isa gargaɗi. A Janairun 2013 'yan bindiga suka ƙona dubban littattafan hannu a Cibiyar Ahmad Baba da ke Tumbuktu. Abin da ya tsira, fiye da 300,000, ya tsira ne domin iyalan da suka mallake su, da jagorancin Abdulƙadir Haidara, sun kwashe su a akwatuna a asirce zuwa Bamako. A nan birninmu, a Agustan 2023, wani sashe na Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830 ya rufta ana cikin salla, rayuka suka salwanta, Allah ya jiƙansu. Idan ginin da ke ƙofar Fada, wanda idon kowa ke kansa, zai iya ruftawa, ina ga soron da adakar kakanmu take ciki?

Wannan aiki yana da wani amfani da ya shafi zumunci. Kwafin kwamfuta ba ya raguwa don an raba shi. Idan aka juya taskar tun maigida yana da rai, da izininsa, to ranar rabon gado kowane magaji zai ɗauki rabonsa na takarda kamar yadda shari'a ta ce, kuma kowa ya tafi da hoton taskar gaba ɗaya. Wanda ya so yana iya yin wakafin kwafin ga almajirai, ladan ya riƙa isar masa.

Abin da ya rage gare mu

Wani zai ce a lokacin da mutane ke neman abin sawa a baki, wannan magana ta masu ƙoshi ce. Amsarmu ita ce tsada tana ga wanda ya tsaya shi kaɗai. Rikoda guda tana iya zaga unguwa, laftof guda tana iya ɗaukar taskar zuri'a guda, kuma mafi yawan aikin lokaci yake ci, lokaci kuwa muna da shi a dogon hutu. Ba mu ne na farko ba. A shekarun 1960 masu binciken tarihin Arewa a Jami'ar Ahmadu Bello, ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith, sun bi gidajen malamai suna ɗaukar hoton littattafai, aka kuma kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970 domin irin wannan adana. Su sun yi da manyan na'urori da kuɗin hukuma. Mu kuwa na'urar tana aljihunmu, kuma gidajen namu ne.

Saboda haka muna ba da shawara huɗu. Ta farko, kowane ɗalibi a hutun nan ya nemi izinin manyansa ya rubuta jerin abin da ke taskar gidansu, ko da a littafin aiki ne. Ta biyu, a fara juya abin da ya fi kusa da lalacewa, wato kaset, kafin takarda, domin takarda ta fi zare haƙuri. Ta uku, 'yan'uwanmu masu karatun kwamfuta da injiniya su koya wa na sashen Hausa da Larabci da tarihi kafa na'urorin, su kuma waɗannan su koya musu karanta ajami da tsara sunaye, domin kowane ɓangare shi kaɗai rabin aiki zai yi. Ta huɗu, yayyenmu ma'aikata su ɗauki nauyin faifai da batir da kuɗin data, kuma idan ofis zai yi gwanjon tsofaffin kwamfutoci su tuna da gida.

Iyayenmu sun karɓi amanar nan daga iyayensu, sun tsare ta daga gara da ruwa da wuta har ta iso gare mu. Yawancinmu ba za mu zauna a cikin ganuwa kamar yadda suka zauna ba, aiki zai watsa mu cikin ƙasa da wajenta. Idan muka yi wannan ƙoƙari yanzu, tun masu sanin sunaye suna raye, 'ya'yanmu da za a haifa a Abuja ko Fatakwal za su ji muryar kakansu yana karatu a zaurensa na Kwarbai. Idan muka yi sakaci kuwa, laifin ba na gara ba ne.

 Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara wa malamanmu lafiya, ya ba mu ikon riƙe amana.